Zaren Likkafanin Inna

Tun da na yi wayo na san Inna, mahaifiyarmu, da mazari a hannu. Ƙauyenmu yana tsakanin Danja da Gozaki, ƙasar auduga, kuma muna yara babu gidan da za ka shiga bayan azahar ba ka tarar da mata sun miƙe ƙafa suna kaɗi ba. A hankali aka watsar. Yadin kanti ya cika kasuwa, matasan mata suka koma suyar awara da ɗinkin hula, tsofaffin kuma suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Inna kaɗai ta rage, ba kuma don sayarwa take yi ba.

A dangin su Inna, mace ita ke kaɗa zaren likkafaninta da na mijinta. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Da Baba ya rasu, cikin farin da aka saƙa da zarenta aka naɗe shi, kuma a duk kwanakin zaman makokin wannan ne kaɗai abin da na ga ya ɗan sanyaya mata rai. Tana fita takaba ta fara nata. Kowace kaka Yaya, babban wanmu, zai ware mata audugar tsinkar fari kafin ya kai saura kasuwa. Ta gurje 'ya'yan a kan dutse, ta shiɓe ta da ɗan bakanta har ta yi laushi, sannan ta dangwali alli ta hau murza mazari. Aikin ba ya sauri, don ido ya yi rauni, sanyin ƙashi kuma ya kama yatsun. Akwai wani tsohon masaƙi a wajen Gozaki, shi ma shi kaɗai ya rage, da ya yi mata alkawarin saƙawa. Yakan aiko a ce mata ta hanzarta, kada ya riga ta. Ita kuma ta ce a gaya masa ya jira, ai bai fi ta gaggawa ba.

Duk gidan mun san abin da zaren nan zai zama, amma ba mai faɗa. Wa zai buɗe baki ya ambaci likkafanin uwarsa tana zaune tana shan fura? Aikin Inna muke ce masa, shi ke nan.

Inna tana da taurin kai, kuma a wurinta na gado nawa. Yaya ya gina mata ɗakin bulo, da silin da fanka mai aiki da hasken rana. Ta shiga ta duba, ta sa masa albarka ta bakin matarsa, sannan ta mayar da ɗakin wurin ajiyar albasa da kubewa busasshiya. Ta ci gaba da zama a tsohon ɗakin ƙasa da Baba ya kawo ta, wai ya fi sanyi. Akwatinta cike yake da atamfofin da ni da ƙannena muke kawo mata, amma idan za ta yi kaɗi sai ta ɗauko wani koɗaɗɗen zane da ya sha wanki har ba a gane launinsa. Na sha yi mata faɗa a kai. Amsarta ɗaya ce, auduga tana manne wa tufafi, kuma mahaukaciya ce kawai ke yin kwalliya don ta zauna cikin ƙura.

Kunyar ɗan fari ce ta sa ta sa wa Yaya albarka ta bakin matarsa, don shi ne ɗanta na fari. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba. Ba ta yabonsa, ba ta kallonsa ido cikin ido, idan ya shigo gaishe ta sai ta amsa tana duban wani wuri. In dole ta yi zancensa sai ta ce mutumin gidan nan. Shi kuwa ko tuwo ba ya ci sai ya tabbatar an kai mata nata. Mutum ne marar magana, irin wanda idan ya gama sallah a masallaci yake ɗaukar takalminsa ya wuce gona.

Ni ina koyarwa a Funtuwa, nakan je gida idan an yi hutu. A wani hutun bazara na tafi da 'yata, wadda take karatu a Zariya a lokacin. Ita da Inna ƙawaye ne, kullum suna cikin tsokanar juna irin ta kaka da jika. Yarinyar ba ta rabuwa da waya, tana ta murza waɗannan gajerun bidiyoyin da ba sa ƙarewa. Wata rana da la'asar na ji su suna ƙyalƙyala dariya, na leƙa, sai na tarar ta kara wa Inna wayar a gaban hanci.

Wata budurwa ce ta ƙasar Sin, a wani ƙauye cikin duwatsu. Ta shuka auduga, ta tsinka, ta ɗauko wani ƙaton baka ta shiɓe ta, ta yi bargo ta shimfiɗa wa kakarta. Inna ta ce a maimaita. Da aka zo wurin bakan sai ta dafa hannun yarinyar, ta ce ashe su ma sun san shiɓa. Ba ta taɓa zaton akwai wasu mutane a bayan duniya da ke yin abin da take yi ba. Amma ba ta bar budurwar haka nan ba. Ta ce wannan farcen bai taɓa tsinkar auduga ba, kuma ita ba ta taɓa ganin gonar da ake shuka a girbe kafin mutum ya gama tauna goro ba.

'Yata ta ɗauki zancen da zafi. Ta ce irin waɗannan bidiyoyin sun sa matasan can sun koma son kayan iyayensu, suna sa tufafin da, suna neman tsofaffi su koya masu sana'a. Ta ce mu kuwa namu yana mutuwa ba wanda ya ko ɗauki hotonsa. Gaskiya ta faɗa, kuma har yau ban ga laifinta ba. Ta roƙi Inna ta bari ta ɗauke ta tana kaɗi. Inna ta ce in dai 'yan Sin za su gani su san ba su kaɗai ba ne, a ɗauka. Yarinyar ta kawo mata sabuwar atamfa ta ce ta canza, ta kuma koma ƙofar ɗakin bulo. Inna ta ce ba za ta yi ƙarya don waya ba, yadda take yi kullum haka za a gan ta.

Bidiyon ya yi kyau. Hasken yamma ya sauka a kan hannuwanta, zaren yana fita daga audugar siriri ba gargada, tana ɗan motsa baki kamar yadda take yi idan tana tasbihi. Da yarinyar ta zo ɗorawa ta tambaye ni me za ta rubuta a ƙasa. Muka dubi juna. Ni ba zan ce ta rubuta don me ake zaren ba, ita ma hannunta ba zai iya ba. Ta rubuta kakata tana kaɗi, ta ɗora.

Kwanakin farko abin daɗi ne. Mutane suna rubuta cewa sun tuna da kakanninsu, wasu suna tambayar sunan abin da ke hannunta. Yarinyar takan karanta wa Inna, ita kuma ta riƙa tambaya ko 'yan Sin sun gani. Muka koma Funtuwa da murna.

Ban san wanda ya fara ba, kuma na daina neman sani. Wani ne ya kwashi bidiyon, ya cire rubutun 'yata, ya ɗora masa wani kiɗa mai sa kuka. Ya matso da hoton kan koɗaɗɗen zanen da tsagar bangon ɗakin. Sannan ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa ga wata tsohuwa a yankin Danja da 'ya'yanta suka yi watsi da ita, da kaɗi take samun abin da za ta ci. Wannan shi ne ya zagaye duniya. Namu na gaskiya bai yi ko kusa da nisan da ya yi ba.

Daga nan kowa ya samu abin yi. Wani ya raba fuskar wayar biyu, Inna a gefe shi a gefe, yana wa'azi a kan haƙƙin iyaye har da share hawaye. Wata ta zauna cikin mota tana tsine wa matan 'ya'ya masu raba uwa da ɗanta. Wasu suka ce laifin gwamnati ne, wasu suka ce na 'yan boko, suka kaure da zagin juna a kan uwata. Na zauna ina karanta abin da ake rubutawa. Allah ya isa ta fi a ƙirga. Mutanen da ba su san ko ta wace hanya ake shiga garinmu ba suna roƙon Allah ya wulaƙanta 'ya'yanta tun a duniya, wasu suna amsawa da amin.

'Yata ta yi ta bin su tana rubuta cewa ƙarya ne, kakarta ce, ba abin da ta rasa. Suka ce ga ɗaya daga cikin marasa kunyar ta fito. Suka ce in ba ta rasa komai ba, me ya sa tsohuwa kamar wannan take wahala da zare? Tambayar ke nan da ba mu da bakin amsawa. Na hau mota na tafi gida, na durƙusa gaban Inna na gaya mata abin da ake ciki daidai yadda za ta gane. Na ce ta ba mu izini mu faɗi don me take kaɗin, bakin kowa ya mutu.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, “Likkafani ba kayan talla ba ne. Tsakanina da Ubangijina ne. Ku bar su, za su gaji.”

Ba su gaji da wuri ba, kuma abin bai tsaya a waya ba. Mutanen ƙauyenmu sun san gaskiya, amma kasuwar Danja ba ƙauyenmu ba ce. Yaya ya kai masara ranar kasuwa, wani ya nuna shi da baki, kafin ya sauke buhunan an fara taruwa ana kallonsa. Wani dillali da suka shekara suna hulɗa ya ja shi gefe yana yi masa nasiha a kan uwa, a hankali, irin ta mai ƙaunarka. Wannan nasihar ta fi masa zagi ciwo. Maganar auren ɗiyarsa da ake yi da wasu mutanen Mahuta ta yi sanyi, suka ce a dakata tukuna. Matarsa, wadda ke yi wa Inna wanka idan sanyin ƙashin ya tashi, ta daina zuwa biki da suna. Shi dai Yaya sai rama ya yi ta yi. Abu ɗaya ya nema, ya ce 'yata ta goge bidiyon daga ko'ina. Ta goge wanda ta ɗora, ta goge na cikin wayarta tana kuka. Hakan bai rage komai ba, don na ƙaryar yana hannun kowa.

Ina gida ranar da masu taimakon suka zo. Samari ne da 'yan mata cikin riguna iri ɗaya, a mota mai baƙin gilashi, da buhun shinkafa da katan ɗin taliya da jarkar mai. Yaya yana gona. Suka yi sallama, kafin na sako mayafi sun shige har ƙofar ɗakin ƙasa, ɗaya yana tafe da baya yana riƙe da waya. Inna ta ɗauka baƙi ne, ta sa aka shimfiɗa masu tabarma, ta ce a kawo ruwa. Wata yarinya ta durƙusa ta kama hannunta tana cewa Mama ki yi haƙuri, Allah yana tare da ke. Wani ya ce a ɗauko mazarin ta riƙe. Na fito na ce su kashe wayar nan su kwashe kayansu. Na faɗi maganganu da yawa, ba duka ne suka dace da malamar makaranta ba. Ba su kashe ba. Washegari ni ma na shiga duniya, ga 'yar da ta hana a taimaki uwarta.

Suna cikin mayar da kayan mota Yaya ya dawo, da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya a bakin zaure ya dubi buhun shinkafar, ya dubi rumbunansa da ke tsakar gida cike da hatsi. Ya ajiye fartanyar ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu. Mutumin da ko a jana'izar Baba ban ga hawayensa ba. Inna tana hango shi daga ƙofar ɗakinta.

Bayan la'asar ta kira ni. Ta riga ta tattara mazarin da bakan da allin, da dunƙulallen zaren da ta tara shekara da shekaru, ta zuba a cikin kwando ta rufe da faifai. Ta ce na hau turmi na ɗora shi can saman ɗaki inda hannunta ba zai kai ba. Na ce Inna saura kaɗan fa, masaƙin ma ya ce in an samu na kaka ɗaya ya isa. Na ce mutanen nan sun tafi, ba mai sake shigowa, ta riƙa yi a cikin ɗaki a rufe.

Ta ce, “A kan zaren nan ake zagin ɗana. Yaron da bai taɓa bari na kwana da yunwa ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ba zan shiga kabari cikin abin da aka ci mutuncinsa a kai ba.”

Ɗana ta ce. Shekaruna sun haura hamsin, ban taɓa jin wannan kalmar daga bakinta a kansa ba sai ranar. Na hau turmin na ɗora kwandon, na sauko na fita bayan gida na yi kuka mai isata. Na so a ce Yaya ya ji da kunnensa. Da na gaya masa daga baya, sai ya tashi ya shiga wurinta ya roƙe ta ta ci gaba, ya ce shi zagin bai dame shi ba. Ta kawar da kai kamar kullum, ta ce a gaya wa mutumin gidan nan ta gama magana.

Duniya kuwa ta manta da mu kamar yadda Inna ta ce. Wani abin ya taso, aka koma can. Auren ɗiyar Yaya ya yiwu daga baya. Amma Inna ba ta sake taɓa auduga ba. Ta koma ɗakin bulo ba tare da kowa ya roƙe ta ba, ta riƙa ɗaura sababbin atamfofin nan kullum, ko da wani zai shigo. Da la'asar sai ta zauna a ƙofa cikin kwalliya, hannuwanta a kan cinya ba abin yi. Wani lokaci nakan ga babban yatsanta da manuni suna murza juna, ba ta ma sani ba. Na shekara ina faɗa ta sa kaya masu kyau, da ta sa kuma ban iya kallonta.

'Yata ta daina zuwa ƙauye, kunya ta hana ta. Inna ce ta aika a kira ta, ta zaunar da ita ta ce ba ita ta yi ƙaryar ba. Har ta tsokane ta, ta tambaya ko budurwar nan ta ƙasar Sin ita ma an kai mata taliya.

Da kaka ta zagayo Yaya ya ware audugar tsinkar fari kamar yadda ya saba, ya ajiye a ƙofarta. Ta ce a haɗa da ta kasuwa. Masaƙin Gozaki ya rasu a ranin nan. Da aka gaya mata ta yi masa addu'a, ta ce to, ya gaji da jira.

Ita kuma ta rasu da damina ta gaba, da hantsi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Aka tura mai babur Danja ya sayo farin yadi, irin wanda ake yanka wa kowa, da tambarin kamfani a gefensa. Ina ganin an shigo da shi cikin leda na miƙe tsaye. Matar da ta tufatar da mijinta da hannunta ce fa. Na shiga tsohon ɗakin na hau turmi na sauko da kwandon. Zaren yana nan fari tas, ko asu bai taɓa shi ba. Na ɗauki dunƙule ɗaya na aika a kira mini Yaya, na ce ko a ba masu ɗinkin likkafanin a zaure su ɗinka da shi, ta samu ko da zaren ɗinki ne nata.

Ya karɓa ya riƙe a tafin hannu yana kallo. Na ga yana so. Sannan ya miƙo mini, ya ce, “Ta ce ba za ta shiga da shi ba. Ban saɓa mata tana da rai ba.”

Aka ɗinke da zaren kanti, aka kai ta. Kwandon yana wurina a Funtuwa yanzu. Ba masaƙi, ba kuma wanda ya san abin da za a yi da shi.

Kwanakin baya, a ɗakin malamai, wata sabuwar abokiyar aiki da ba ta san ni sosai ba ta miƙo mini wayarta. Ta ce na ga wannan baiwar Allah, 'ya'yan zamani ba su da imani. Ashe abin ya sake tasowa, wani ya tono shi. Ga Inna a ƙofar ɗakin ƙasa, cikin koɗaɗɗen zanenta, hasken yamma a kan hannuwanta. Na zaci zan yi faɗa, don na san halina. Sai na ji bakina yana cewa ta turo mini.

Na gaskiyar an goge shi, ba mu da wani. Hotunan Inna da muke da su duk na biki ne, tana tsaye ta ƙame. Wannan na ƙaryar shi kaɗai ne wurin da hannunta yake motsi. Idan kewarta ta ishe ni nakan kashe sautin, na ɗora babban yatsana a kan rubutun da ya ce mun yi watsi da ita, na kalli uwata tana kaɗa likkafaninta. Idan ya ƙare ya koma farko da kansa, zaren bai ƙaru ba.